An yi wa Baba aikin furostat da leza: kada lambar "4" ta sa mu saki jiki

A Garwa, kamar a Marwa da Ngaundere, akwai ciwon da dattawanmu ba sa son a ambaci sunansa a zaure. Mutum ya tashi sau biyar a dare, ya tsaya a bayi fitsarin na ɗiga, alwala ta zame masa aiki, amma in ka tambaya sai ya ce sanyi ne. Kumburin furostat ke nan, wata 'yar tsoka mai kamar girman goro da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 tasu ta soma girma, kuma girman nan shi kaɗai ba sankara ba ne.

Masu hali, ko waɗanda 'ya'ya suka haɗa wa kuɗi, sukan bi mota zuwa Ngaundere su hau jirgin ƙasa su sauka Yawunde, wasu su wuce Duwala, wasu ma har Indiya, a yi musu aiki da hasken leza ba tare da an tsaga ciki ba. Mutum ya dawo fitsari na zuba kamar na saurayi, a yi barka, a yi sadaka. Madalla. Maganarmu ta yau kan takardar gwajin jinin da ke biyo baya ce, wadda galibi ake karanta ta a kaikaice.

Gwajin sunansa PSA. Wani sinadari ne da furostat ke fitarwa, kaɗan daga ciki na shiga jini. A takardun ɗakunan gwaji na ƙasar nan, da Faransanci ake rubuta sakamakon, kuma a gefe akan buga cewa ƙasa da 4 ng/ml shi ne daidai. Ɗan da ya yi lise sai ya duba, ya ga 3,1, ya ce: "Baba, normal ne." Shi ke nan, a ninke takarda a jefa cikin akwati.

To, wannan 4 ɗin an tsara ta ne domin mutumin da furostat ɗinsa ke nan cif. Wanda aka yi wa aiki lissafinsa daban. A irin aikin da likitoci ke kira HoLEP, wanda Peter Gilling da abokan aikinsa suka fito da shi a ƙasar Niyu Zilan cikin shekarun 1990, ana ƙwaƙule cikin tsokar ne a bar ɓawonta, kamar yadda ake fafe duma a mayar da shi ƙwarya. Tunda an cire mafi yawan naman da ke fitar da sinadarin, bayan wata uku zuwa shida PSA kan faɗi da wajen kashi 80 cikin ɗari, sau da yawa ya koma kusa da 1 ko ƙasa da haka. Wannan sabuwar lamba ita ce ma'aunin mutumin daga yanzu. Kuma ɓawon da aka bari, a nan ne mafi yawan sankarar furostat ke tsirowa. Aikin leza ya buɗe hanyar fitsari, bai cire haɗarin sankara ba.

Mu ɗauki misali. Dattijo yana da 8 kafin aiki. Bayan wata shida ya koma 0,8. Shekara ta zagayo aka samu 1,9, wata shekarar 3,1. Ko sau ɗaya bai kai 4 ba, babu takardar da za ta yi masa ja, amma cikin shekara biyu lambarsa ta kusan ninka huɗu. Duk malamin makaranta ya san irin wannan: yaron da ya saba cin 18 bisa 20 ya dawo 11, ai bai faɗi ba, amma ba za ka ce babu komai ba. Likitan mafitsara in ya ga takardun nan huɗu a jere zai nemi ƙarin bincike. In takarda ɗaya kawai aka miƙa masa, da me zai kwatanta?

Akwai kuma kuskure ta ɗaya gefen, na masu gaggawa. Mutum ya je gwaji sati biyu bayan aiki, ya ga lambar ta hau fiye da da, gida ya rikice, a fara zancen wasiyya. Tsokar da aka taɓa dole ta zubo da PSA cikin jini, haka ma in akwai ƙwayar cuta a fitsari ko an sa robar fitsari kwanan nan. Shi ya sa likitoci ke cewa a dakata aƙalla sati shida, da yawansu ma wata uku. Wanda kuma yake shan finasteride ko dutasteride, magungunan nan na rage lambar da kusan rabi bayan wajen wata shida ana sha, sai a faɗa wa likita kada ya karanta rabin gaskiya. In da hali a riƙa yin gwajin a wuri ɗaya, don na'urori kan ɗan saɓa wa juna. A Garwa ba a rasa inda za a yi ba. Reshen Centre Pasteur na nan, ga asibitocin gwamnati da ɗakunan gwaji masu zaman kansu.

Sauran layukan takardar ba su da wuyar sha'ani. Hémoglobine na nuna ko jini ya ragu, créatinine kuma na nuna halin ƙoda, wadda toshewar fitsari ta shekaru kan gajiyar da ita tun kafin a kai ga aiki.

Abin da ya fi damunmu shi ne takardun da ake barowa a can. Leza ba iri ɗaya ba ce. A HoLEP ana fito da naman a kai shi a duba da madubin likita, kuma wani lokaci a nan ake gano sankarar da ba a zata ba. Akwai kuma lezar da ke ƙone naman ya bi tururi, babu abin da za a kai ɗakin bincike, kuma PSA ba ya sauka sosai kamar na farko. Iyalai da yawa ba su san wanne aka yi wa mahaifinsu ba. Sakamakon binciken naman yakan fito bayan majinyaci ya riga ya kamo hanyar Arewa, ba wanda ya koma karɓa, ba wanda ya buga waya. An kashe dubban ɗaruruwan sefa, an bar takardar da ta fi kowacce muhimmanci a aljihun tebur a Yawunde.

Muna kira ga likitocin da ke yi wa mutanenmu aiki a kudu da waje: a rubuta wa majinyaci sunan aikin, da PSA ɗinsa na kafin aiki, da ranar gwaji na gaba, a kuma turo sakamakon naman ko ta WhatsApp ne. Jami'ar Garwa tana da tsangayar koyon aikin likita. Ɗalibanta da suka iya Hausa da Fulatanci za su yi babban taimako in suka riƙa yi wa tsofaffi bayanin takarda da harshen da suke ji.

Mu kuma 'ya'ya, tunda mu ne masu karanta Faransancin, kunya ta hana mu tambayar uba yadda fitsarinsa yake, to ba ta hana mu sayen littafin rubutu na sefa ɗari biyu ba. Shafi ɗaya ya isa: kwanan wata, lambar PSA, wurin gwaji, maganin da yake sha. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna sankarar furostat ta fi kama baƙar fata, kuma wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta haɗarinsa ya ƙaru. Ɗan da ke riƙe da littafin nan, in ya kai 45, shi ma ya kamata ya je ya tattauna da likita a kan nasa gwajin, ya tafi da shafin mahaifinsa a hannu.