RA'AYINMU: Matasan Haɗeja da Koyon Gina Shafin Intanet

A watan Agusta na shekarar 1991 aka yi wasu abubuwa biyu waɗanda a lokacin babu mai zaton za su taɓa gamuwa. A ranar 27 ga watan aka yanki Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano. Kafin nan da 'yan makonni, wani mutumin Ingila, Tim Berners-Lee, da ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba, ya buɗe wa duniya tsarin shafukan intanet da ya ƙirƙiro. Yau ga shi yaranmu a Haɗeja da Malam Madori da Auyo suna sayen kwamfutar gwanjo suna cewa wannan sana'a za su koya, iyaye kuwa sun rasa abin da za su ce musu.

'Yan uwa, matsayinmu a nan a fili yake: a bar su su koya, bal ma a taimaka musu. Amma wajibi ne a gaya musu gaskiyar lamarin tun kafin wasu su sayar musu da mafarki.

Gaskiyar ita ce farkon wannan ilimi ba shi da tsada, kuma ba shi da wani asiri. Harsuna uku ne ginshiƙinsa. HTML shi ne tubalin ginin, da shi ake cewa wannan take ne, wannan sakin layi ne, wannan hoto ne. CSS shi ne yaɓe da fenti. JavaScript, wanda aka ƙirƙiro a 1995, shi ke sa shafi ya amsa idan an taɓa shi. Mai koyo na iya rubuta shafinsa na farko ya buɗe shi a kwamfutarsa ba tare da ya ƙona datar ko sisi ba. Abin da ke da tsada shi ne haƙuri, domin alama ɗaya da aka manta tana iya cinye masa yini guda yana neman inda ya kauce. Saboda haka duk wanda ya karɓi kuɗin yaro da alkawarin cewa cikin wata biyu zai soma kwasar dala, to lalle ya cuce shi. Haka nan manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke rubuta wa mutum shafi cikin daƙiƙa, ba su ɗauke masa koyon tushe ba. Wanda bai iya karanta abin da aka rubuta masa ba, ranar da ya lalace sai dai ya zuba tagumi.

Jihar nan ba baƙuwa ba ce a fagen. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa makarantar ilimin kwamfuta a Kazaure. Akwai Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a nan Haɗeja, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. A 2019 aka naɗa ɗan garin nan, Kashifu Inuwa Abdullahi, shugaban hukumar NITDA, a 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT don horar da mutum miliyan uku. Hanyoyi kam akwai. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: in an koya, me za a gina, kuma don wa?

Amsar tana bakin kogi. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, rayuwar manomin fadama da masunci ta rataya a kan ruwan da ba su san ranar sakinsa ba, ga kacala ta toshe hanyoyinsa tana karkatar da shi cikin gonaki. Babu wanda ya manta ambaliyar 2022, yadda ta yi da ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri. Hukumar NIHSA takan fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, amma manomi nawa ne a Baturiya ya taɓa ganin wannan takarda, balle ya karanta Turancinta? Shafi ɗaya tal, da Hausa, wanda ke faɗin abin da hukuma ta ce da ranar da ta faɗa, aiki ne da mai wata shida da fara koyo zai iya. Haka ma shafin farashin shinkafa da riɗi, ko na kifi a kasuwar Haɗeja, wanda zai rage wa mai kaya dogaro da bakin dillali.

Irin wannan aiki ya fi kowace takardar shaida koyarwa, domin yana tilasta wa mai shi ya yi tunanin mai karatu. Zai gane cewa manyan hotuna cin datar talaka ne, sai ya rage su. Zai gwada shafinsa a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi a inda sabis ke ɗaukewa. Zai koyi bayyana tsarin UTF-8 a saman shafi, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su zama shirme. Zai kuma ɗanɗani nauyin amana, don wanda ya rubuta cewa ruwa na tafe alhali bai tabbatar ba, yana iya tayar da gari guda cikin dare.

Mun san fargabar iyaye, kuma ba mu raina ta ba: sun ji labarin masu damfara da kwamfuta. Maganinta shi ne uba ya zauna ya ce, “Nuna mini abin da ka gina a makon nan.” Mai koyon gaskiya zai nuna da murna, mai wata manufa zai kama kame-kame. 'Yan mata ma kada a bar su a baya, sana'a ce da ake yi daga cikin gida.

Ga rassanmu da ke masarautar kuwa, muna kira da kowanne ya duba makarantarsa. Azuzuwa da yawa a rufe suke kwana. Aji ɗaya, da sola mai iya cajin kwamfuta biyar, da ɗalibi ɗaya daga kwaleji ko jami'a da zai riƙa zuwa sau biyu a mako, sun isa a fara kafin damina ta faɗi.