Daga mazarin kaka zuwa zaren kabon: kada mu sake sayar da ɗanye

Duk wanda ya tsaya bakin tashar jiragen ruwa ta Abijan, nan kusa da mu a Treichville, ya ga dilolin audugar da ake kawowa daga Korhogo ana loda su zuwa Asiya. Bayan 'yan watanni sai ta dawo mana atamfa, 'yan uwanmu na Adjamé su saya da tsada, su ci ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Masaƙar Gonfreville ta Bouaké, wadda aka kafa tun 1921, yau ba ta kai inuwar abin da take a da ba. Na kawo wannan ne saboda wani zare na daban yana tafe, kuma ina tsoron labarin zai maimaita kansa.

A 1991 wani masani ɗan Japan, Sumio Iijima, ya bayyana wasu 'yan bututu na sinadarin kabon da ake kira nanotub. Gashin kai ya fi guda ɗaya kauri sau dubbai. Ga rashin nauyi, ga ƙarfin da ya fi na ƙarfe, kuma wutar lantarki na bi ta cikinsa. Matsalar ita ce gajere ne, kamar ƙura. Yaya za a mai da ƙura igiya?

Amsar, wallahi, tsohuwa mai kaɗi ta san ta. Silin auduga ma gajere ne. Sai an shiɓe shi ya miƙe, an murɗa shi a mazari, sannan sili ya kama sili. A 2000 masu bincike a Bordeaux ta Faransa suka fitar da zaren nanotub daga ruwan magani. A 2004 ƙungiyar Ray Baughman ta Texas ta haɗa kai da masana zaren ulu na Ostareliya, suka murɗa shi kamar yadda ake kaɗi tun kaka da kakanni. A shekarar ce kuma a Cambridge aka jawo zaren kai tsaye daga cikin tanderu. A 2013 Jami'ar Rice ta Amurka da kamfanin Teijin suka narkar da bututun cikin asid mai ƙarfi, suka matso shi ta ƙananan ramuka kamar taliya. Har yanzu zaren bai kai ƙarfin bututu guda ba, domin silin na zamewa a jikin juna, kuma tsadarsa ba ta ɗan kasuwa ba ce. Amma ana sa ran ya maye gurbin wayar tagulla a motoci da jiragen sama.

To me ya shafe mu? Ana iya yin wannan kabon daga iskar gas: a fasa ta da zafi, a samu kabon a gefe, haidurojin a gefe. Kodebuwa na da gas. A 2021 kamfanin Eni ya gano rijiyar Baleine, aka fara hakowa a 2023. Mafi yawan gas ɗinmu wutar lantarki ake yi da shi, kuma ba na ganin laifin haka. Abin da nake nema shi ne gwamnati ta sa kamfanonin da ke hakowa su zuba kuɗi a ɗakunan binciken INP-HB ta Yamoussoukro da jami'ar Cocody, tun kafin a rufe ƙofar wannan ilimi da takardun mallaka.

Mu ma iyaye da namu laifin. Yaro na da kai a lissafi, da ya kai shekara goma sha biyar sai a ce ya isa, ya zo ya tsare shago. Shagon atamfa ba ya guduwa. A bar shi ya kai ajin kimiyya a lise, ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Adjamé da Treichville su ɗauki nauyin ko da yara biyu ne a shekara, kamar yadda suke haɗa kuɗin biki da na jana'iza.