Jarkar lita 25 a hannu ɗaya, ƙafa da silifas

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu mazauna Gandu da ke karatu a FULafia. Jiya da yamma na raka abokin ɗakina wajen mai ɗori, idon sawunsa ya kumbura suntum. Ba wai ƙwallo ya je bugawa ba fa, ruwa kawai ya ɗebo daga rijiyar burtsatse, ya taka gefen ramin da ruwan sama ya zaizaye, ƙafar ta turguɗe. Ga jarabawa saura mako ɗaya.

Ni dai a ganina mun raina wannan jarkar. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato kilo 25 kake ratayawa a gefe guda. Ko ba ka ɗauki komai ba, duk takun da ka yi gwiwarka na karɓar nauyin jikinka ninki biyu zuwa uku, to ina ga ka ƙara mata jarka? Kuma da yake a hannu ɗaya take, jiki sai ya karkace, ƙugu da ƙafa ɗaya su sha wahalar.

Sai kuma hanyar. A kan kwalta ƙafa ta san inda za ta sauka. Amma a lungunanmu, nan laka ce mai santsi, can tsakuwa, gaba yashi. Kowane taku daban yake, idon sawu na ta gyara zama, in ya makara kaɗan sai ƙafar ta juye ciki, jijiyoyin gefen waje su ja. Targaɗe ke nan. Silifas kuwa, wallahi ba ruwansa da kai, shi ma neman inda zai zame yake.

Akwai ma wanda ba ya zuwa farat ɗaya. Tun 1855 wani likitan soja a Jamus ya lura da kumburin ƙafa a sojojin da ke doguwar tafiya, daga baya aka gano ƙashin tafin ƙafa ne ke tsagewa a hankali. Don haka ciwon da ya kafe wuri ɗaya, yana ƙaruwa in ka taka, a je asibiti, ba man zafi ba.

Na san za a ce kuɗin mai ruwa fa? Gaskiya ne, kowa na fama. To a raba ruwan gida biyu, hannu da hannu, ko a yi sawu biyu, a sa kambas. Mu a layinmu yau za mu fara karo-karon sayen baro, wanda ke ciki ya yi magana a ƙasa.