Mai Ƙosai Ba Jahila Ba Ce, Lissafi Ta Yi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tarurrukan wayar da kai da gidajen rediyo, har ta shiga bakin wasu abokan aikinmu malamai. Wai mutanenmu sun ƙi rabuwa da kuɗin hannu ne saboda jahilci, da an ilimantar da su za su rungumi kati da biya ta salula kamar sauran duniya. Ni ban yarda ba. Da ma zan bar maganar ta wuce, sai ga shi ta fara shigowa harkar makaranta. Wasu makarantun kuɗi a manyan garuruwanmu sun fara gaya wa iyaye cewa ba su karɓar kuɗin yaro a hannu, sai a je a zuba a banki ko a tura ta kamfanin aika kuɗi, a kawo takardar shaida. Kuɗin turawar kuwa uba ne zai biya. In ya yi ƙorafi a ce masa zamani ne ya zo.

Bari mu fara da zargin jahilcin. A da, ɗan cirani da ke Abijan ko Kwatano ko Agadas in zai aiko wa gida kuɗi, direban mota yake nema ko wani ɗan garinsu mai komawa, ya damƙa masa, ya koma yana addu'a. Wani lokaci saƙo ya iso cif, wani lokaci ya iso da giɓi, wani lokaci a ji labarin an tare hanya. Da kamfanoni irin su Nita da Amana da Al Izza suka buɗe rassa a tashoshi da kasuwanni, wa ya tara tsofaffin ƙauyukan Dakwaro ko Mayayi ya yi musu lacca? Babu. Tsohon da bai taɓa zama a aji ba ya auna abin da ake cira da hatsarin da ya kauce wa, ya ga kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ya bi layi. Haka nan matan karkarar Maraɗi. Tun 1991 suka fara tsarin Mata Masu Dubara tare da ƙungiyar CARE, suna zubi a akwatin ƙarfe, suna ba juna rance, suna raba riba, galibinsu ba tare da sun iya rubutu ba. Daga nan aka kwafi tsarin zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Waɗannan matan ne yau ake cewa ba su gane harkar kuɗi ba.

Abin da suka gane, wanda masu lacca ba su faɗa, shi ne biya ta na'ura ba kyauta ba ce. Tunda yawancin masu karanta wannan shafi malamai ne, mu hau allo. Idan ka miƙa kati a babban kanti, hannu huɗu ne a cikin cinikin ban da naka: mai kanti, bankin mai kanti, bankinka, da kamfanin da ke haɗa su, ko Visa ko Mastercard ko GIM-UEMOA na yankinmu. Ukun ƙarshe duk sai sun ci, kuma daga kuɗin mai kanti ake yankar la'adarsu. Mu ɗauki misali. Ɗan kasuwa ya saro kaya a jikka 19 ya sayar a jikka 20, ribarsa jikka 1. A ce la'adar kati kashi 2 cikin ɗari ce. Ba daga ribar ake lissafa ta ba, daga jikka 20 ɗin ne gaba ɗaya, wato dala 80. An cinye biyu cikin biyar na ribarsa ke nan kafin ya biya hayar shago. Me zai yi? Ko ya ce na'urar ta lalace, ko ya ƙara wa kaya kuɗi. In ya ƙara, kowa ne zai biya ƙarin, har da wanda ya zo da tsabar kuɗinsa bai taɓa ganin kati ba. A Amurka, inda masu kati ke samun tukwici a kan abin da suka kashe, masu bincike na babban bankin ƙasar reshen Boston sun nuna a 2010 cewa ta wannan hanya masu biya lakadan, waɗanda galibi su ne masu ƙaramin ƙarfi, suna tallafa wa masu kati ba da saninsu ba. Tarayyar Turai ma ba ta bar abin a hannun bankuna ba. A 2015 ta yanke iyaka ga la'adar da banki ke biyan banki, kashi 0.2 cikin ɗari a katin da ke cira daga asusunka, kashi 0.3 a katin bashi. Su ma sai da suka sa masa linzami.

Kati dai a nan ƙasar na ƴan ƙalilan ne. Abin da ya shafi talaka shi ne salula da kamfanonin aike, kuma a can lissafin ya fi muni, don la'adar hawa-hawa ce, tana yi wa ƙaramin kuɗi nauyi fiye da babba. Ga misali, kowa ya sauya alƙaluman da waɗanda ke liƙe a bangon wakilin unguwarsu. In an cire maka dala 20 don ka karɓi jikka 1, kashi 10 cikin ɗari ka biya. In an cire wa Alhaji jikka 1 don ya karɓi jikka 100, kashi 1 ya biya. Yanzu a dubi mai ƙosai a ƙofar makaranta. Cinikinta na dala 5 ne da dala 10. Jarinta kullum yake juyawa: abin da ta samu da hantsi shi za ta kai wa mai wake da mai mai da mai itace da yamma, kuma duk cikinsu babu mai karɓar saƙon waya. In kuɗinta suka shiga salula sai ta biya ta fito da su, kullum, daga ribar da ba ta fi a sayi sabulu da gishiri ba. Ta yi wannan lissafi a ka cikin ƙiftawar ido, ta ce a ba ta a hannu. Ɗalibin da ya kawo min wannan amsa a jarrabawa, maki cikakke zan ba shi.

To, mu dawo makaranta. Wa ke cin moriya in iyaye suka daina kawo kuɗi a hannu? Makaranta. Ta huta da ƙirga, ta huta da jabun takarda, ta huta da ɗaukar jaka zuwa banki cikin fargaba, ta huta da zargin mai ajiya, wataƙila ma ta sallame shi ta rage albashi guda. Wannan duka kuɗi ne da ta daina kashewa. Amma ban ji makarantar da ta rage ko dala daga kuɗin shekara saboda haka ba. Moriyar ta zauna a ofis, la'adar ta bi uba gida. Kuma wane uba? Mai hali yakan biya kuɗin shekara tashi guda, la'ada ɗaya. Ɗan kabu-kabu ko tela ko malamin kwantaragi da ke biya kaɗan-kaɗan, yau jikka 5, bayan mako biyu jikka 3, shi ne zai biya la'ada sau takwas ko goma, a hawan da ya fi tsada, ga yinin da ya ɓata a layi bai yi sana'a ba. An ɗora wa mai ƙaramin ƙarfi harajin talaucinsa, an lulluɓe shi da sunan ci gaba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Makarantar da ke son sauƙin nan ita ya kamata ta biya kuɗinsa.

Mu malamai bai kamata a ce sai an yi mana bayanin wannan ba, don a jikinmu aka fara gwadawa. Tun 2002 ƙungiyar UEMOA ta ba da umarnin a riƙa biyan albashi ta banki, aka sa iyaka a jikka 100. Niyyar mai kyau ce, ta rage hannayen da albashi ke ratsawa. Sai dai rassan bankuna sun taru a Yamai da manyan garuruwan jihohi, malamai kuwa suna ko'ina. Malamin da ke ƙauye in wata ya ƙare sai ya rufe aji, ya biya kuɗin mota, ya iso gari ya tarar da layi, na'ura babu kuɗi ko babu rezo, ya kwana gidan wani, ya koma washegari. Kwana biyu na karatun yara sun tafi, babu wanda ya rubuta su a littafin asara. Kuma abin da ya ciro tsabar kuɗi ne, don a ƙauyen da yake koyarwa babu inda zai miƙa kati. Ma'ana katin bai maye gurbin kuɗin hannu ba, hanya kawai ya tsawaita tsakaninsa da su.

A nan zan ɗan ratse, don abokan aiki da yawa ba su san haƙƙinsu ba. Tun ranar 1 ga Oktoba 2014 babban bankin BCEAO ya wajabta wa bankunan yankin yin wasu ayyuka 19 kyauta. Ciki har da buɗe asusu da rufe shi, da shigar da albashi, da cire kuɗi a na'urar bankinka, da takardar bayanin asusu sau ɗaya a wata. Kowa ya nemi tasa takardar, ya karanta ta layi-layi kamar yadda yake gyaran kwafin ɗalibi, ya tambayi ma'anar duk abin da aka cira.

Sai kuma abin da masu lacca suka fi saurin mantawa, shekarar 2023. A farkonta mun kalli maƙwabtanmu. Babban bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, ya janye tsofaffi kafin sababbi su wadata, da nufin tura mutane ga biya ta na'ura. Duk mai zuwa Jibiya ko Illela ko Maigatari ya san abin da ya biyo baya. Mutum da kuɗinsa a asusu ya kasa sayen mudun gero, masu na'urar cire kuɗi suna sayar da naira da naira, ana tura kuɗi su maƙale a hanya, makiyayi ya sayar da akuya a wulaƙance don ya ga takarda a hannu. Sai da kotun ƙolin ƙasar ta shiga tsakani a watan Maris. Ba a yi wata biyar ba namu ya zo. Bayan 26 ga Yuli takunkumin CEDEAO da UEMOA ya sauka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai cira, aka yi ta haka har Fabrairun 2024. A watannin nan kasuwannin ƙauye sun ci gaba da ci, saboda takardar jikka ba ta neman caji, ba ta neman rezo, ba ta jiran izinin wani ofis a Dakar. Ko ƙasar Suwidin, inda aka kusa daina taɓa takardar kuɗi, hukumominta suna shawartar jama'a su ajiye tsabar kuɗi a gida saboda ranar da na'ura za ta tsaya. Su da wutarsu ba ta ƙiftawa ke nan.

Kada a ce ina yi wa kuɗin hannu kirari. Suna da nasu aibin kuma mun san shi. Ana sace su, ana buga na jabu, takarda ta tsufa a ƙi karɓa, ga rikicin canji da ya sa ake ba mu alewa da ashana a madadin dala 5, ga kwabbar dala 50 da kowa ke gudu alhali halastacciya ce. Ɗan kasuwar da ke bin hanyoyin kudancin Maraɗi a wannan yanayi na ƴan bindiga, wauta ce ya cika aljihu. Kuɗin COGES ma sau nawa suka narke a hannun mai ajiya don babu rubutu? Duk gaskiya ne. Shi ya sa mutane da kansu suke raba aiki: babban kuɗi mai tafiya mai nisa su tura shi, ƙaramin kuɗin cefane su riƙe shi a hannu. Babu wanda ya koya musu. Abin da nake ƙi shi ne a ƙwace musu wannan zaɓi sannan a caje su kuɗin ƙwacen.

Wanda ke son mutane su koma biya ta waya, hanyar a bayyane take, ya rage tsada. A Senegal da Kodebuwa kamfanin Wave ya shigo da kashi 1 cikin ɗari na aike, zubawa da cirewa kyauta, sai ga masu tebur da direbobin tasi sun karɓa ba tare da an yi musu wa'azi ba, manyan kamfanonin waya kuma suka rage nasu farashi dole. Gana ta gwada akasin haka. A Mayun 2022 ta sa harajin kashi 1.5 kan aiken kuɗi ta waya, jama'a suka ja da baya, aka rage zuwa kashi 1 a 2023, a 2025 aka soke shi baki ɗaya. Mutanen nan ɗaya ne da namu, farashi suke kallo.

Saboda haka ina kira ga iyaye, in an kira taron farkon shekara kada a zauna a baya ana gunaguni. A miƙe a tambayi darakta cikin ladabi: wa zai biya la'adar? In makaranta ta fi son a tura, to ta cire kuɗin turawar daga abin da ake bin uba, ko ta yi yarjejeniya da kamfanin ta biya daga nata ɓangaren, tunda kamfani zai so ciniki na ɗaruruwan iyaye a dunƙule. Kuma a bar taga a buɗe, ko da kwana biyu ne a mako, ga wanda ya zo da jikka 3 ɗinsa a hannu, a karɓa, a rubuta masa takardar shaida mai lamba. Mu kuma malamai da ke zaune a kwamitocin COGES, in matsalar ɓatan kuɗi ce, maganinta littafi mai kwafi biyu, da sa hannun mutum biyu kafin a fitar da ko dala, da karanta lissafi a gaban iyaye ƙarshen kowane zango. Littafin nan ba shi da tsada a kasuwar Maraɗi.