Manyan Kawunan Jirgin Kwal: Jerin Buri da Hukuncin Kasuwa

A Amurka da Ingila da Jamus akwai mutane, galibi dattawa, waɗanda ke keɓe ɗaki guda su shimfiɗa ƙaramin layin dogo da tashoshinsa da gadojinsa, su riƙa tuƙa kwatankwacin jiragen ƙasa da wutar lantarki. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a Amurka da Jamus shi ne HO, inda ake rage komai sau 87, tazarar ƙarafan dogon kuma milimita 16.5 ce. Kowace shekara sukan jera burinsu ga kamfanoni, kuma abin da ya fi yawa a jerin shi ne manyan kawunan jirgi na zamanin kwal da tururi. Wanda ke kallo daga nesa zai ɗauka wasan yara ne ya bi manya har tsufa. Sai dai jerin nan yana da hannu wajen yanke hukuncin abin da za a tuna da abin da za a manta a tarihin reluwe.

Sarkin wannan fage shi ne Big Boy na kamfanin Union Pacific. Kamfanin ALCO ya ƙera guda 25 tsakanin 1941 da 1944, kowanne tsawonsa ya kai mita 40, nauyinsa da taragon kwal ya haura tan 500. Takwas sun tsira, an kuma farfaɗo da mai lamba 4014 a 2019. Rivarossi da Athearn da Märklin da Lionel da Kato duk sun fitar da kwatankwacinsa. Dalilin maimaicin a fili yake: kafin a sayar da ko guda ɗaya sai an kashe kuɗi masu yawa wajen zane da sassaƙa mazuban ƙarfe da ake zuba roba a ciki, kuma ba a mayar da wannan jari sai da ciniki mai yawa. Ɗan kasuwa kuwa inda ya ci riba jiya nan yake komawa yau.

Illar ita ce an fi yi wa wanda ba ya cikin haɗarin ɓacewa hidima. Mai son ganin Big Boy yana iya zuwa gidan tarihi ya taɓa shi da hannunsa. Amma T1 na kamfanin Pennsylvania, guda 52 aka ƙera, aka yanka su duka aka sayar da ƙarfen. Haka aka yi wa Niagara guda 27 da Hudson guda 275 na New York Central. Waɗannan sun yi sa'ar suna, shi ya sa ake samun kwatankwacinsu. Akwai ɗaruruwan ire-irensu da suka rasa suna suka kuma rasa gangar jiki, sai zane da hoto. Ga irin waɗannan, ɗan kwatankwacin da aka ƙera bisa ainihin zanen injiniyoyi shi ne kaɗai hanyar ganin siffarsu tana motsi, kuma gani ya kori ji. Saboda haka su ya dace masu jerin buri su sa a gaba.

Masu burin ma akwai abin da ya kamata a faɗa musu. Na farko, girma yana zuwa da tsadarsa. Big Boy a ma'aunin HO ya kusa rabin mita, alhali kwanar da aka saba shimfiɗawa a gida inci 18 ce daga tsakiya. A ainihin jirgin, rukunin ƙafafun gaba ne kaɗai ke juyawa, na baya a kafe yake. Domin kwatankwacin ya iya shan kwana, yawancin kamfanoni sukan sa duka biyun su juya. Ashe mai neman girma yakan sadaukar da wani ɓangare na kamannin da ya biya kuɗi dominsa. Na biyu, burin fatar baki ba ya sassaƙa mazubi. Kamfanoni irin su Rapido Trains na Kanada sukan buɗe rajistar masu saye tun kafin ƙira, idan adadin bai kai ba aikin ya tsaya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Rufe shagon Hattons na Ingila a 2024, wanda aka kafa a 1946, ya nuna cewa kasuwar ba ta da faɗin da za ta ɗauki asara.

Giɓin da ya fi girma yana Afirka. Kamfanin Beyer, Peacock na Manchesta ya ƙera wa reluwen Gabashin Afirka Garratt 34 na rukunin 59 a tsakiyar shekarun 1950, waɗanda ba a taɓa yin kan jirgin tururi mai ƙarfinsu a dogo mai faɗin mita ɗaya ba. Nijeriya ma ta sami nata Garratt a shekarun 1930, sannan daga ƙarshen shekarun 1940 aka kawo rukunin da aka raɗa wa sunayen koguna. Kwal ɗin Inugu suke ci, a kan dogon da ya iso Kano a 1911, wanda ya kwashe dalar gyaɗa zuwa bakin teku. Da wuya a sami waɗannan a kantin manyan kamfanoni. Akwai dalili na fasaha: faɗin tsohon dogon Nijeriya milimita 1,067 ne, wanda a ma'aunin HO yake buƙatar layi na milimita 12, ba wanda kowa ke da shi ba. Amma masu sha'awa a New Zealand, da dogonsu yake daidai da na Nijeriya, sun warware wannan ta hanyar amfani da ma'aunin 1:64 a kan layin HO da aka saba.

Yanzu da injin ɗab'i mai fitar da siffa ya sauƙaƙa ƙera 'yan ƙalilan ba tare da mazubi ba, babban abin da ake buƙata shi ne zane da awo. Waɗannan suna cikin ma'ajiyar takardu da tsofaffin ma'aikatun reluwe irin na Ebute Metta da Zariya, da kuma ƙwaƙwalwar tsofaffin direbobi da makanikai da ke raguwa kullum. Hukumar jiragen ƙasa da sassan injiniya na jami'o'i su ne ya kamata su auna abin da ya rage, su adana zanen, tun masu gwangwan ba su riga su ba.