Sharhi: Yayin ƙarfen haƙori da abin da masu talla ba sa faɗa wa matasa

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya san hoton: saurayi ko budurwa na murmushi, ƙarfe jere a haƙora, an ƙawata shi da robobi masu launi. Irin hotunan nan na shigowa wayoyin matasan Yamai, Maraɗi da Damagaram kullum, wasu ƴan uwa kuma na dawowa hutu daga Turkiyya, Maroko ko Faransa da shi a baki. Masu talla na alƙawarin abu biyu: daidaita haƙora da warkar da ciwon muƙamuƙi. Na farkon gaskiya ne in aikin na hannun ƙwararre. Na biyun ne ke da gyara.

Ƙarfen haƙori magani ne mai taɓa ƙashi. Wayar da ke jikinsa tana matsa haƙori a hankali, ƙashin gefe ɗaya na narkewa, na ɗaya gefen na ginuwa, har haƙorin ya gusa. Shi ya sa likita ke fara ɗaukar hoton ƙashi, wato radiyo, ya duba dasashi, ya ga yadda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa. Aikin kan ɗauki wata 18 zuwa shekara 2, ana komawa kilinik duk sati 4 zuwa 8. Bayan an cire, sai an riƙa sa abin riƙe haƙora, in ba haka ba su koma gidan jiya.

In wanda bai ƙware ba ya ɗaura shi, saiwar haƙori na iya zaizayewa, dasashi ya ja baya, haƙora su kama girgiɗi. Ƙasar Tailan ta haramta sayar da ƙarafan ado na bogi tun 2006. A Amurka kuma, kamfanin SmileDirectClub mai aika robobin daidaita haƙora ta gidan waya ya rufe a Disamban 2023, ya bar masu magani a tsakiyar hanya. Wannan darasi ne ga mai shirin sawa a ƙasar waje ya taho gida: wa zai ci gaba da duba shi?

Sai batun muƙamuƙi. Gaɓarsa na gaban kunne, da ɗan faifan guringuntsi a ciki. Masu fama da ita na kukan zafi wajen tauna, ciwon kai, ko kasa buɗe baki sosai. An daɗe ana ɗora laifin kan karkatar haƙora, amma bincike bai tabbatar da hakan ba. Rahoton da majalisar masana kimiyya da likitanci ta Amurka ta fitar a 2020 ya ce matsaloli ne sama da 30, masu dalilai daban-daban. Cikinsu akwai cizon haƙora cikin barci, damuwa, bugu da ciwon gaɓoɓi. Shawarar masana ita ce kar a gaggauta aikin da ba ya komawa baya, kamar goge haƙora ko gusar da su, don kawai muƙamuƙi na ciwo.

Yawancin masu ciwon na samun sauƙi da abu mai araha: abinci mai laushi na ƴan kwanaki, gashi da tsumma mai ɗumi, rage cingam, kilishi da goro, da robar dare in likita ya rubuta. Ƙarar “ƙas” da ba zafi ba ta buƙatar magani. Amma in baki ya kulle, ko ga kumburi da zazzaɓi, ko bayan faɗuwa da moto, a nufi asibiti nan take, don yana iya zama karaya, ƙurji ko tetanos.

A ƙasar da akasarin likitocin haƙori ke tare a manyan birane, ba wuya ƴan damfara su cike giɓin. Aikin ma'aikatar kiwon lafiya ne ta sa ido kan masu ɗaura ƙarfe a shaguna da gidaje. Kafin nan, duk mai niyya ya tambayi mai aikin takardar shaidar karatunsa, ya nemi a yi masa radiyo, kuma a faɗa masa wanda zai riƙa duba shi har ranar cirewa.