Filin Lafiyar Iyali: Alhaji, kafin ka ɗaure kaya, ina maganar awon uwargida?

'Yan uwa fatake da iyalanku, na Nima da zangon Kumasi, na Kwatano da Lome, har na Briketeri a Yawunde. Yau maganar bakwaini za mu yi, kuma da maigida zan fara.

A asibiti, duk jaririn da ya zo kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne, wanda kuma bai kai kilo 2 da rabi ba an ce yana da ƙarancin nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi bakwaini miliyan 13.4, wato kusan ɗaya cikin kowane goma. Irin wannan jariri sanyi na saurin kama shi, numfashi na ba shi wuya, tsotson nono ma aiki ne.

To, me ya haɗa wannan da fatauci? Ai mu rayuwarmu a hanya take. Maigida ya tafi saro kaya, mako uku, wata guda. Uwargida na gida da ƙaramin ciki, ga kunya, ga rashin jin Faransanci ko Turanci, kuma ba a bar mata izinin fita ko kuɗin mota ba. Sai ciki ya kai wata shida ba a je awo ba.

Wannan jinkirin ne ke cutarwa. Tun 2016 shawarar hukumar ita ce a je awo sau 8, na farko cikin mako 12 na farko. A can ne ake gane hawan jini, ƙarancin jini da ciwon fitsari, waɗanda duk suna iya jawo haihuwa kafin lokaci. Zazzaɓin cizon sauro kuwa mugu ne: yakan ɓuya a mahaifa ba tare da uwa ta ji zafin jiki ba, ya rage wa ɗan tayi abinci. Shi ya sa daga mako na 13 ake ba da Fansidar, wata-wata, aƙalla sau uku, tare da ƙwayar ƙarin jini ta kullum da gidan sauro.

Don haka, Alhaji, kafin ka hau mota ka bar abu uku: izini a fili, kuɗin mota da na magani, da wata amintacciya mai jin harshen gari da za ta raka ta. Cefanen ma a sa wake, ƙwai, kifi, zogale da gyaɗa.

Sai maganar goyon ciki. Idan za a mai da amarya gida Kano ko Maraɗi ta haihu a gaban iyaye, kada a bari sai ciki ya tsufa a ɗora ta a mota kwana biyu. A tambayi ungozomar asibiti lokacin da ya dace. Katin awo, wanda a ƙasashen Faransanci ake ce wa karne, ya shiga jaka tare da takardun tsallaka iyaka, domin da shi asibitin can zai san inda aka tsaya.

Ke kuma uwargida, idan kin ga jini, ko faya ta fashe kafin lokaci, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko motsin yaro ya ragu, ba jiƙo za a nema ba, ba kuma jiran dawowar maigida ba. Asibiti kawai. Bayan haihuwa a bar wa jiki hutun shekara biyu kafin wani cikin.

In kuma Allah Ya kawo bakwainin, kada a yanke ƙauna. A kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a rufe shi, a ba shi nono zalla bisa kulawar ma'aikatan lafiya. Baban ma zai iya karɓar ta.

Allah Ya sauke masu ciki lafiya, Ya sa albarka a kasuwa. Sai mako mai zuwa.